Irin Geron da Na Rufe da Waldar Jirgi

Jiya da hantsi na ga ɗayanku ya liƙa ƙafar kujera, ya ɗage gilashi daga fuskarsa yana murmushi, yana jiran a yaba masa. Na sa ƙafa na taka wurin sau ɗaya, ta ɓalle. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. Ku a wurinku walda ita ce a kunna inji, a ɗiga wa ƙarfe wuta, a rufe da fenti kafin mai kaya ya dawo daga masallaci. To ku gyara zama. Ni Sale, da kuke kira Sojan Ruwa a bayan idona kuna ƙyaƙyatawa saboda daga Jibiya zuwa teku tafiyar kwana biyu ce, a cikin jirgin yaƙi na koyi wannan sana'a, inda ramin da bai kai kan allura ba yake iya cin mutum hamsin.

Ubana maƙeri ne a nan cikin gari. Ya rasu ina ɗan shekara tara, ƙaninsa mai fataucin shanu ya tafi da ni Ikko, a can na girma a gefen tashar jiragen ruwa. Don haka ni Bakatsine ne da bai taɓa riƙe fartanya ba. Gero a kwano na san shi, ban san shi a gona ba. Da yaƙin basasa ya tashi aka shiga neman masu hannu a aikin ƙarfe, na je na ce ni ɗan maƙera ne, aka rubuta sunana. Aka miƙa ni ga wani gajeren mutum daga wajen Kalaba, Oga Basi, wanda hannayensa biyu duk tabon ƙuna ne, yana jin Hausar bariki daidai ta zagi da ta ba da umarni.

Aikin farko da ya ba ni akwati ne. Ya jefo mini farantin ƙarfe shida ya ce in haɗa su. Kwana uku ina kai, na goge, na kawo ina taƙama. Bai ko dubi kyan ɗinkin ba. Ya dama alli ya shafe bayan kowane ɗinki fari fat, ya bari ya bushe, sannan ya ɗura kananzir a ciki ta wata 'yar ƙofa, ya ce mu je mu ci abinci. Da muka dawo akwatina ya yi ɗigo-ɗigo kamar zabuwa. Kananzir ba ya rufa wa kowa asiri. Duk inda ya sami rami, ko wanda ido ba ya gani, sai ya biyo ta nan ya ɓata allin. Oga Basi ya ƙirga ɗigon da yatsa, ya ce, "Sha tara. Kai Sale, ka kashe mu sau sha tara." Ya ba ni cizal da guduma ya ce in warware in sake. Sai a akwati na bakwai allin ya kwana fari.

Aikin jirginmu shi ne tsare bakin teku. Gwamnati ta ce kada komai ya shiga wancan ɓangaren ta ruwa, kada komai ya fito. Kada ku ɗauka kullum harbi ake yi. Yawancin kwanaki kai da komo ne a gaban bakin kogi, ana amai, ana kankare tsatsa, ana zura wa ruwa ido har ya fara yi wa mutum gizo. Abokan wasan ɓuyanmu su ne masu fasa shinge. Oga Basi ya ce sana'arsu ta girmi kakanninmu. Ya ce a yaƙin basasar Amurka, shekara ɗari kafin namu, har jirage na musamman aka riƙa ƙera mata, dogaye sirara masu gajeren bango, a shafa musu fenti ruwan toka don su saje da hazo, su ƙona gawayin da ba ya hayaƙi. Namu ba su sami wannan gatan ba. Tsofaffin jiragen kamun kifi ne da manyan kwalekwale masu inji, su taso daga tsibiran da ke can gaba, su jira ruwan sama mai ƙarfi, su kutsa cikin ƙananan rafuka inda namu jirgin zai kafe in ya bi su.

Ranar da aka huda jirginmu da harsashi da safe ne, muna kusa da gaɓa. Ban ji ƙarar bindigar ba, jirgin kawai na ji ya zabura kamar an tokare shi, fitilu suka lumshe suka dawo. Muka gangara ƙasa da gudu. Ramin ya kai faɗin faifai, taƙi ɗaya sama da ruwa, kowace igiyar ruwa ta zo sai ta watso mana ganga guda. Aka danna katifa a wurin, aka tokare da katako, Oga Basi ya yanko faranti, ya ce ni zan ɗinka domin hannunsa na dama ya tsage. Ina tsaye cikin ruwa har gwiwa, mutum biyu sun riƙe ƙuguna kada in faɗi, duk sanda na canja sandar walda sai lantarki ya fizge ni har cikin haƙora. A saman kanmu bindigoginmu suna amsawa, tsatsa tana zubo mini a wuya. Wallahi na tsorata, na yi salati ya fi a ƙirga. Ku kuma in ana yayyafi sai ku kashe inji ku shige rumfar mai shayi.

Amma wanda na zaunar da ku dominsa wani ƙaramin jirgin kamun kifi ne da muka tare wata safiya cikin ruwan sama. Ruɓaɓɓe ne, tsatsa ta cinye shi, mutum biyar a ciki da wani dattijo mai furfura da ke tuƙi. Hafsoshi suka bincike shi ciki da bai, ba su ga komai ba sai ragar kamun kifi da kifi. Suka buɗe murfin tankin mai suka zura sanda, ta fito jiƙe da gas har sama. Har an ce a sake su, sai Oga Basi ya ce a ba shi minti biyar. Ya ɗauki ƙaramar gudumarsa ya fara ƙwanƙwasa tankin daga ƙasa. Ƙasa ya amsa dim, dim. Da ya zo taƙi ɗaya kafin sama sai ƙarar ta canja, ta yi kwal. Ya shafa ɗinkin gefen da babban yatsa, ya juyo ya dube ni.

"Sale, zo ka gani. Wannan walda ya fi jirgi kyau. Wa zai yi wa mushe irin wannan ɗinki?"

Muka sa cizal muka yanke. Ashe bututun da ke ƙarƙashin murfin toshe yake daga ƙasa, gas ɗin da ke cikinsa bai fi galan biyu ba. Sauran tankin kaya ne, an zuba an rufe da walda, babu ƙofa ko ɗaya. Na zaci bindigogi zan gani. Gishiri ne ya zubo, sai gwangwanayen madarar gari, sai kwalaben magani an naɗe da tsumma. Na yi tsaye baki buɗe, ban taɓa sanin ana sayar da rai a kan gishiri ba. Da muka tona ƙasa kuma sai ga akwatunan harsashi huɗu, irin wanda ya huda mu. Na rasa abin da zan yi da dattijon nan, in tsane shi ko in tausaya masa. Shi kuwa da ake ɗaure masa hannu abu ɗaya ya roƙa, a rufe gishirin da tamfol kada ruwan sama ya narkar da shi.

Daga baya Oga Basi ya zaunar da ni ya ce wanda ya ƙera wannan tanki gwani ne, amma ya yi kuskure biyu. Bai cika shi maƙil ba, ya bar wurin da guduma za ta yi magana. Sannan ya kasa haƙura ya yi mummunan ɗinki, girman kansa ya tona masa asiri. Na haddace wannan karatu kamar yadda na haddace Fatiha.

Da aka gama yaƙi na karɓi sallama, na sayi injin walda mai amfani da gas, na dawo gida na kafa rumfa a nan kusa da shingen iyaka. Na zo a kan gaɓa. Kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasa, motoci suka yi yawa, manyan motocin roka suna dakon siminti da kwanon rufi da atamfa zuwa Maraɗi, su dawo da wake da fata. Mai a wajenmu araha, a wajensu tsada, don haka kowane direba yana son tanki na biyu a gefen motarsa. Masu walda na lokacin tankinsu sai an bi shi da sabulu ana toshe yoyo. Nawa kuwa alli da kananzir, a gaban mai mota, ya zauna ya gani da idonsa. Direbobin Maraɗi suka riƙa ba juna labari, har ya zama in mutum yana cika baki da motarsa sai ya ce tankinta waldar jirgi ce. Na sha fama da su. Akwai mai son ka ɗinke masa shasi alhali kaya na kai, akwai mai rantsuwa cewa tankinsa bai taɓa ganin fetur ba alhali warin yana hawa kanka tun daga nesa. Duk da haka kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba. Ina ganin babu abin da ƙarfe zai koya mini kuma.

Sai shekarar fari ta zo. Damina biyu a jere ta yi gardama, ta arewa ta fi tamu muni. Shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, mutane suna gangarowa da ƙafa, mata da tukwane a ka babu abin dafawa. Hatsi ya yi wuya har a wajenmu, gwamnati ta hana fitar da shi ƙasar waje, ko tiya ɗaya. Ban ga laifinsu ba, mu ma yunwar tana leƙo mu. Aka ƙara ma'aikata a shinge, kowane buhu sai an soka masa tsinken ƙarfe, kowace mota sai an sauke kayanta ƙasa.

A cikin bazarar nan, wata rana bayan azahar, Isuhu ya zo. Direba ne dogo mai tsagen fuska, mutumin wani ƙauye arewa da Maraɗi, na taɓa gyara masa bodi sau biyu. Ya tsuguna a bakin rumfa, muka gaisa, ya shiga zane a ƙasa da tsinke har na gama abin da nake yi.

"Malam Sale, wurinka niz zo. Shawara gare ni, in ka ƙiya ban da wani."

Na ce ina jinsa.

"Garinmu iri munka cinye. Ba hatsin ci nika magana ba, iri. Wanda anka ɗaure saman ruhewa, rumbunmu, don shibka, shi ma ya tahi cikin tukunya tun watan jiya. Yau in ruwa ya sauka, gari guda babu mai abin da za shi sa ƙasa. Baba Nomau, wan babana, shi ad dattijon garin, ya tara abin da ya rage, awaki da zannuwan mata, anka saida, anka ba ni. Na samu iri nan wajenku, garin Daddara, gero mai nuna da wuri, buhu goma. Ga shi can ɗakin wani. Kamyo gare ni, motata ta kaya, hanya ce ban da."

Na ce, "Isuhu, ka san in an kama ka mota ta tafi, kai ma ka tafi."

"Na sani. In ban kai ba kuma garin ya tahi."

Buhu goma a ido ba wani abu ba ne, amma gero ƙwaya kaɗan ake jefawa a rami, wannan ya isa ya rufe gonakin ƙauye guda. Ina zaune sai tankin dattijon nan ya faɗo mini a rai. Shekara biyu da rabi na yi ina tsare shinge, yau ga ni za a sa in fasa shi. Ban yi dogon tunani ba. Tausayi na ciki, amma gaskiya har da son in nuna cewa ni zan yi abin da gwanin can ya kasa.

Na kewaye bayan rumfa da zana, muka shigar da motar. Na cire tankunanta biyu na gefe, na ƙera sababbi dogaye daga sabon faranti, domin kada warin mai ya taɓa irin. Kowanne na sa masa bututu toshasshe a ƙarƙashin murfi, na dama na haɗa shi da ƙaramin tanki na gaskiya da na ɓoye a bayan kujerar direba don injin ya sami abin sha. Na gwada da alli, fari fat, na wanke na shanya. Muka riƙa zuba geron da kwano, Isuhu yana bubbuga gefe da katako yana zama, muna ƙarawa, har ya zama ko tsinke ba zai shiga ba. Na shimfiɗa yashi mai kauri a kan buhun da na rufe saman da shi, na ɗora murfin ƙarfe, na riƙa ɗinkawa kaɗan-kaɗan ina danna jiƙaƙƙen tsumma don kada wuta ta kai ga ƙwaya. Da na gama ɗinki mai kyau sai na bi kansa da mummuna, irin naku, gudaji-gudaji. Na shafa baƙin fenti, na watsa tsohon mai da ƙasa. Na ɗauki guduma na bi su daga ƙasa har sama. Dim, dim, dim, babu inda ya canja murya.

Na yi tunanin wuta, na yi tunanin wari, na yi tunanin guduma. Abin da bai zo kaina ba shi ne wancan tankin a cikin jirgi yake, bangonsa ɗaya teku ke lasa dare da rana, shi ya sa kayan ciki suke zama da sanyi. Nawa na rataye su a gefen mota, baƙaƙe wuluk, cikin zafin bazarar Jibiya, na hagu kuma taƙi ɗaya tsakaninsa da salansa. Kuma ban san iri abu ne mai rai ba. Ni a wurina gero da gishiri duk kaya ne. Da akwai manomi ɗaya a bayan zanar nan da ya riƙe mini hannu, amma mun ɓoye wa kowa, daga mai walda sai direba.

Isuhu ya ɗora kwanon rufi a kan motar ya shiga layi. Layin a lokacin ya kai kusan kasuwa, domin mota ɗaya sai ta ci rabin yini ana saukewa ana lodawa. Kwana huɗu ya yi a ciki. Motar kuma ba ta da kik, in ta mutu sai an tara majiya ƙarfi sun tura, don haka tun safe yake barinta tana kaɗawa har la'asar, yana matsawa taku goma-goma. Daga rumfata ina hango ta. Rana ta huɗu aka zo kanta. Wani ma'aikaci ya buɗe murfi ya zura sanda, ta fito da gas. Ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa, ya kai hannu zai dafa tankin hagu, ya janye da sauri yana yarfe yatsu, ya ce wa Isuhu, "Kai, motarka za ta dafa ƙwai." Aka yi dariya, aka ɗaga ƙarfe. Ni ma na yi dariyar daga inda nake, har na buga cinya.

Da yake babu ƙofa, sai ni zan buɗe. Washegari na ɗauki cizal da guduma na hau motar haya, na iske shi inda muka yi alkawari, wani tsohon gidan gyaɗa bayan an wuce duwan, wato shingen kwastan ɗinsu. Na yanke murfin dama. Cikin farantin ya yi gumi, geron da ɗumi kamar an sauke daga rana. Na yanke na hagu, wani ƙamshi ya bugi hancina, mai daɗi, irin na tumu da ake gasawa farkon kaka. Har na ce wa Isuhu, wanda ke can gefe yana warware buhuna, lalle mutumin Daddara ya ba shi gero mai kyau. Ƙwayar ba ta ƙone ba, ba ta canja launi ba, tana nan da kyanta. Muka baza ta a tamfol ta sha iska, muka haɗe na dama da na hagu, muka ɗure a buhu. Isuhu ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ta sa mini albarka, idonsa ya kawo ruwa. Na dawo Jibiya ina jin ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Ruwa ya yi jinkiri, sai bayan sati uku da 'yan kwanaki ya sauka, mai yawa, daga nan har can. Na ce alhamdu lillahi, mutanen Isuhu sun shuka. Gonakin ƙauyukanmu, irin su Bugaje da Kusa, suka yi kore, na ga ana ta noman farko. Isuhu bai biyo ba, na ɗauka yana gona.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina ɗinkin wani bodi, na ɗage gilashi sai na ga mutane a tsaye a gaban rumfa. Sun kai ashirin, da tabarmi da ƙullin kaya, mata da goyo. Isuhu na cikinsu, babu mota, ya rame har na so in kasa gane shi, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Wani tsoho mai farin gemu da sanda ya matso, ya yi sallama. Tun kafin a faɗa mini na san Baba Nomau ne. Na kashe inji, na shimfiɗa masa buhu, ya zauna, muka gaisa har ƙarshe, bai tsallake ko gaisuwa ɗaya ba.

Ya kwance wani ƙulli a bakin rigarsa ya buɗe a tafin hannu. Gero ne da ƙasa a jikinsa, ya kumbura ya yi baƙi, ko ɗaya babu tsiro.

"Wanga daga gonata nit tono shi, kwana tara bayan shibka. Gari duka haka. Ɗaya nan, ɗaya can, abin da ya hito bai cika gona guda ba. Munka jira, munka ce ko ƙasa ce ta yi sanyi. Har lokaci ya wuce."

Na sa yatsa na juya ƙwayar a tafin hannunsa.

"Ba hwaɗa ya kawo ni ba, ɗana. Kudu muka yi, neman aikin dako, hanya ce ta biyo da mu. Isuhu ya gaya mini yadda anka yi, na gane wurin da abin ya ɓaci. Ka yi don Allah, Allah shi ba ka ladar niyya. Tambaya guda gare ni. Sa'ad da ka buɗe ƙarhen, kai ka fara sa hanci. Mi ka ji?"

Da na so da na ce ban ji komai ba, babu mai ƙaryata ni. Na ce, "Baba, na ji ɗumi. Na ji ƙamshi kamar na tumu."

Ya ɗago kai ya dube ni. Wata mata a bayansa ta ce innalillahi, ta toshe baki da gefen zane.

"Ƙamshin tumu," in ji shi. "Yaro ɗan shekara bakwai garinmu ya san geron da ya yi ƙamshin tumu ya gama rayuwa."

"Baba, wallahi ban sani ba. Ban taɓa shuka ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya mayar da geron cikin ƙullin, ya ɗaure da kyau kamar wani abin da zai yi amfani.

"Sa'ad da irin ya iso ya riga ya huce, na tauna na ji shi da ƙarhi, na yarda da shi. Cikin masallaci munka aje buhunnan. Ni da kaina nika kwana bakin ƙohwa da sandar ga, don kada yunwa ta sa wani shi taɓa. Kwana ashirin da huɗu. Mata suna tonon gidan tururuwa suna tankaɗe ƙasa, buhu goma na jingine suna gani. Waccan da ta toshe baki ɗiyata ce. Ta zo ta durƙusa gabana, ta ce in ba ta cikin tahin hannu guda ta dama ma yarinyarta kunu. Na ce iri ne, ba a taɓawa. Ranar sha shida munka binne yarinyar."

Ya dafa sandar ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe rigarsa. Mutanen suka fara ɗaukar kayansu. Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya waiwayo.

"Da ka hwaɗi abin da hancinka ya ji, ɗana, da mun ci abinmu."